Aiki Daga Wata Ƙasa: Dalilan Da Ke Sa Kamfanoni Hanawa, Da Inda Hanin Ya Wuce Gona Da Iri

Tun daga watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka kulle ofisoshi a manyan biranen duniya, miliyoyin ma'aikata suka gano cewa aikin da suke sammako su shiga cunkoson hanya dominsa ana iya yin sa daga ɗaki, muddin akwai kwamfuta da intanet. Annoba ta lafa, ɗabi'ar kuwa ta zauna. Sai wata tambaya ta biyo baya: in har an yarda mutum ya yi aiki daga ɗakinsa a Manchester, me zai hana ya yi shi daga gidan mahaifiyarsa a Kano ko Damagaram? Kwamfutar ita ce dai, aikin shi ne dai, kuma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan da na Kano tare suke tafiya. Duk da haka amsar da akasarin kamfanoni ke bayarwa ita ce a'a, ko kuma su yarda da 'yan kwanaki ƙidayayyu bayan an cike takarda an jira izini. Wannan amsa tana yi wa mutane ciwo, musamman waɗanda neman abinci ya raba su da gida, masu son yin azumi cikin dangi, ko jinyar tsoho, ko zaman makoki, ba tare da sun cinye hutunsu na shekara ba. A ganina hanin yana da tushe na gaske a doka, wanda ya kamata ma'aikaci ya fahimta kafin ya yanki tikiti. Sai dai tushen bai kai ya halatta rufe ƙofa ruf ba, domin hatsarin da ake gudu yana ƙaruwa ne da yawan kwanaki, da irin aikin, da ƙasar da aka nufa, kuma duk waɗannan abubuwa ne da ake iya aunawa a yi musu ƙa'ida.

Mu fara da haraji, domin shi ne kan gaba. A tsarin da akasarin ƙasashe ke bi, ana biya wa albashi haraji a inda jikin ma'aikaci yake sa'ad da yake yin aikin, ko da kamfanin yana wata nahiya, ko da kuɗin a bankin can suke faɗawa. Don kada mutum ya biya sau biyu, ƙasashe kan ƙulla yarjejeniya tsakaninsu, yawanci a kan samfurin da ƙungiyar OECD mai hedikwata a Paris ta tsara. Sashe na 15 na wannan samfuri shi ne asalin maganar kwana 183 da ake yawan ji a bakin mutane. Abin da ya ce shi ne, ƙasar da ka je ba za ta taɓa albashinka ba idan zamanka bai wuce kwana 183 cikin wata 12 ba, kuma mai biyan ka ba mazaunin ƙasar ba ne, kuma ba wani reshensa da ke ƙasar ne ke ɗaukar nauyin albashin ba. Sharuɗɗan uku ne, dole su cika tare, kuma suna aiki ne kawai tsakanin ƙasashen da suka sa hannu. Najeriya tana da irin wannan yarjejeniya da Birtaniya da Faransa da Kanada da Sin, amma ba ta da ita da Amurka. Inda babu yarjejeniya dokar cikin gida ce ke hukunci, kuma a wasu ƙasashe tana iya neman haraji tun daga ranar farko. Ko inda akwai ta, ƙirga kwana kaɗai ba ya raba gardama, domin idan ƙasashe biyu suka yi ja-in-ja a kan mutum ɗaya, sai a duba inda yake da gida na dindindin da inda iyalinsa da harkokinsa suka fi nauyi. Wanda ya gina gida a Zariya ya ajiye mata da 'ya'ya a ciki, matsayinsa daban yake da na baƙon da ya sauka a otal. Cire haraji daga albashi a miƙa wa gwamnati kuwa galibi a wuyan kamfani yake, don haka kuskuren ma'aikaci kan koma tarar mai gidansa.

Akwai abin da ya fi wannan tayar wa kamfanoni hankali, wato ribarsu ita kanta ta faɗa hannun masu karɓar haraji na ƙasar da ba su taɓa buɗe ofis a cikinta ba. Sashe na 5 na samfurin OECD ya ce kamfanin waje yana shiga ƙarƙashin harajin wata ƙasa idan yana da kafaffen wurin kasuwanci a cikinta, ko kuma yana da wakilin da ya saba ƙulla ciniki da sunansa a can. Kamar yaron shago ne da ya kwashi hajar ubangidansa daga Kantin Kwari ya baje ta a kasuwar Maraɗi: masu karɓar kuɗin kasuwa ba za su saurari cewa mai kayan yana Kano ba, tun da a gabansu ake cinikin. Daraktan sashen ciniki da ya yi wata takwas a wata ƙasa yana sa hannu a kwangiloli daga falonsa zai iya jawo wa kamfani rajista da haraji da binciken littattafai a can. A watan Afrilun 2020, da kuma Janairun 2021, OECD ta fitar da jagora cewa zaman dole da annoba ta jawo ba zai haifar da wannan ba, amma wannan sassauci ya tafi tare da annobar. A ƙarshen 2025 ƙungiyar ta sabunta sharhinta, inda ta nuna cewa wanda bai kai rabin lokacin aikinsa cikin wata 12 a gidan da ke wata ƙasa ba, galibi ba a ɗaukar gidan a matsayin wurin kasuwancin kamfani. A nan za a fara ganin inda hani na bai-ɗaya ya yi kuskure. Mai rubuta manhajar kwamfuta da ya je gida mako uku, ba ya sayar da komai, ba ya sa hannu a madadin kowa, hatsarinsa bai kama ƙafar na wancan daraktan ba, amma takarda ɗaya ake miƙa musu su biyun.

Sai batun shige da fice. Bizar yawon buɗe ido ko ta ziyara ko ta Umara ba izinin aiki ba ce, kuma dokokin ƙasashe da yawa an rubuta su ne kafin a san za a iya zama a ƙasa ɗaya ana yi wa wata aiki, shi ya sa wasu suka yi shiru a kan lamarin, wasu kuma suke ɗaukar sa saɓa sharaɗin biza. Birtaniya sai a ƙarshen Janairun 2024 ta rubuta ƙarara cewa baƙo zai iya taɓa aikin kamfaninsa na waje yayin ziyara, da sharaɗin kada ya zama shi ne ainihin abin da ya kawo shi. Ga mutanenmu da ke zaune a ƙetare, matsalar takan zo ta bayan gida. Mai fasfon Najeriya ba ya bukatar izinin kowa kafin ya yi aiki a Najeriya, amma takardunsa na ƙasar da yake zaune su ne ke cikin hatsari. Mai bizar ƙwararrun ma'aikata a Birtaniya da ya yi fiye da kwana 180 a waje cikin wata 12 zai iya rasa lissafin shekarun da yake tarawa don samun izinin zama na dindindin, kuma kamfanin da ya tsaya masa yana da alhakin sanar da hukuma idan yanayin aikinsa ya sauya. Mai katin zama na Amurka shi ma idan ya wuce wata shida a waje za a fara yi masa tambayoyi, in ya kai shekara kuwa katin kansa na iya salwanta. Wani lokaci a'ar da sashen kula da ma'aikata ya faɗa tana kare ma'aikacin ne daga asarar da bai hango ba.

Dokar ƙwadago da fansho da inshora su ma suna bin wurin da aka zauna. Wanda ya daɗe yana aiki daga Faransa, dokar Faransa za ta fara ba shi haƙƙoƙinta, irin su hutun mako biyar da ƙa'idojin kora masu tsauri, ko me takardar ɗaukar aikinsa ta ce. Inshorar lafiya da ta hatsarin wurin aiki sau da yawa iyakarsu ƙasar da aka yanke su. Wanda yake son ya ga girman wahalar lamarin ya dubi Turai, inda babu shingen kwastan tsakanin ƙasashe da yawa amma aka kwashe shekaru ana tattaunawa. Kusan rabin ma'aikatan Luksamburg daga Faransa da Beljiyam da Jamus suke shigowa kullum, kuma abin da aka cim ma shi ne kwana 34 a shekara mutum zai yi aiki a wajen Luksamburg kafin ƙasar da yake zaune ta fara neman harajinta. Faransa da Suwizalan sun daidaita a kan kashi 40 cikin 100 na lokacin aiki, daga Janairun 2023. A watan Yulin 2023 ƙasashen Turai da dama suka fara aiki da wata yarjejeniya da ta bar ma'aikaci ya ci gaba da biyan kuɗin fansho da inshora a ƙasar kamfaninsa, muddin aikin da yake yi daga gida bai kai rabi ba, alhali tsohuwar iyakar kashi 25 ce. Darasin da ke ciki guda biyu ne. Matsalar gaskiya ce, tun da maƙwabta masu kuɗi ɗaya da kotu ɗaya sai da suka sha fama. Kuma duk inda aka zauna a kanta da gaske, da lamba aka warware ta, aka ce kwana kaza ko kashi kaza.

Rukuni na ƙarshe shi ne bayanai da takunkumi da lasisi, kuma nan ne ake samun hanin da ba shi da makawa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, tana iya cin kamfani tarar da ta kai kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na shekara a duk duniya. A watan Mayun 2023 hukumar kare bayanai ta Ailan ta ci kamfanin Meta tarar Yuro biliyan 1.2 saboda tura bayanan Turawa zuwa Amurka. Hukumomin Turai sun fayyace cewa ma'aikacin da ya buɗe kwamfutar kamfaninsa yayin tafiya ba lallai a ce an miƙa bayanai ga wata ƙasa ba, amma alhakin tsare su yana nan a wuyan kamfanin. Bayan haka bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati sukan rubuta a kwangila cewa ba za a buɗe bayanansu daga wajen ƙasa ba, kuma kamfanin da ya sa hannu a kan haka ba shi da ikon yi wa kowa alfarma. Dokokin Amurka sun hana kai wasu nau'o'in fasaha da hidima zuwa ƙasashe irin su Iran da Kuba da Koriya ta Arewa, har kwamfutar da ke cikin jakar matafiyi tana iya zama kayan da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba. Shirin inshorar lafiya na Medicare a Amurka ba ya biyan kuɗin duba mara lafiya ta bidiyo idan likitan yana wajen ƙasar. A irin waɗannan wurare a'a a'a ce. Sai dai waɗannan ayyuka sanannu ne, ana iya lissafa su a shafi ɗaya, kuma yawancin ma'aikata ba sa cikinsu.

Mai ƙorafi na farko zai ce duk wannan a takarda ne, wa zai sani? 'Yan Najeriya sun ƙware da manhajar VPN tun lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, kuma da yawa sun ɗauka tana ɓoye komai. A duba yadda abin yake kasancewa. Mutum ya zauna da ƙarfe tara saura minti biyar, ya jingina da farin bango don kada kyamara ta nuna komai, ya kunna VPN ya zaɓi Landan. Kwamfutar hannunsa ta kamfani ce, a cikinta akwai manhajar tsaro da ke aika rahoto ba tare da ya gani ba. Wayar da ke karɓar lambar sirrin shiga tana kan layin Najeriya. Ana tsakar taro wuta ta ɗauke, janareton maƙwabci ya tashi, can kuma ladanin unguwa ya kira azahar. Ko duk waɗannan sun wuce lafiya, hatimin filin jirgi yana nan a fasfo, kuma ranar da aka sace kwamfutar ko rashin lafiya ta kwantar da shi, dole maganar inda yake ta fito. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin da ya fi muni shi ne laifin ya sauya suna: da farko saɓa ƙa'idar tafiya ne, wanda ake iya kashewa da gargaɗi, yanzu ya zama ha'inci, wanda a dokokin ƙwadago da yawa ya isa a kori mutum nan take ba tare da haƙƙin sallama ba. Tun a watan Mayun 2020 Mark Zuckerberg ya gargaɗi ma'aikatan Facebook cewa wanda ya yi ƙarya game da inda yake zaune zai fuskanci hukunci mai tsanani, kuma dalilin da ya bayar shi ne haraji da lissafin kuɗi.

Kamfanoni ma suna da dalilin ƙara sa ido a 'yan shekarun nan. A watan Yulin 2024 kamfanin KnowBe4 na Amurka, wanda sana'arsa ita ce koya wa mutane tsaron intanet, ya bayyana da bakinsa cewa ya ɗauki wani injiniya aiki bayan ganawa da shi ta bidiyo, sai daga baya aka gano ɗan Koriya ta Arewa ne da ya ari sunan wani Ba'amurke. Bayan shekara ɗaya wata kotun Amurka ta ɗaure wata mata daga jihar Arizona fiye da shekara takwas, saboda ta jera kwamfutocin kamfanoni a gidanta, mutanen Koriya ta Arewa suna sarrafa su daga nesa kamar a Amurka suke. Kamfanoni sama da 300 abin ya shafa, kuɗin da aka samu ta hanyar sun haura dala miliyan 17. Bayan irin wannan labari, duk wata shiga da ta zo daga wurin da ba a zata ba ƙararrawa take kaɗawa a sashen tsaro. Wanda ya ɓoye tafiyarsa don ya ga mahaifiyarsa, a allon mai gadi kamanninsu ɗaya da ɗan damfara, kuma duk wanda aka kama yana ƙara wa na bayansa wahalar samun izini.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: cewa haraji da biza fakewa ce kawai, ainihin abin da shugabanni ke so shi ne su ga mutane a gabansu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amazon ya mayar da ma'aikatan ofis aiki kwana biyar a mako daga Janairun 2025, kuma hujjarsa al'adar aiki ce da haɗin kai, ba ta da alaƙa da dokar wata ƙasa. Manyan daraktoci kuwa sun shekara aru-aru suna amsa wasiƙu daga otal-otal na Dubai da Singafo, ba wanda ya ce sun jefa kamfani cikin hatsari, domin akwai akantoci da lauyoyin da ke bin sawun kwanakinsu. Hujja mafi ƙarfi ita ce kamfanonin da suka gwada. A 2021 Google ya ba ma'aikatansa mako huɗu a shekara su yi aiki daga wani wuri daban da ofishinsu, da izinin shugaban sashe. A watan Afrilun 2022 shugaban Airbnb, Brian Chesky, ya sanar cewa ma'aikata za su iya aiki daga ƙasashe sama da 170, har kwana 90 a shekara a kowane wuri, da sharaɗin kowa ya riƙe adireshi na dindindin saboda haraji da albashi, kuma ya samo wa kansa izinin aiki a inda ya je. Ko waɗannan da suka fi kowa sakin hannu ba su ce kowa ya tafi inda ya ga dama har illa ma sha Allahu ba, sai da suka sa iyaka. Wannan ya nuna dokokin ba ƙirƙira ba ne. Ya kuma nuna kamfanin da ya ce ko kwana ɗaya ba ya yiwuwa zaɓi ya yi, kuma ya kamata ya amsa sunan zaɓinsa maimakon ya ɗora wa doka.

Ƙorafi na uku ya shafe mu kai tsaye. Kamfanoni da yawa da suka yarda da aiki daga waje suna da jerin ƙasashen da aka halatta, kuma sau da yawa za ka ga Sifaniya da Fotugal da Girka a ciki, ka nemi ƙasashen Afirka ka rasa. Sakamakon shi ne Bature ya yi wata guda a bakin teku yana aiki, abokin aikinsa ɗan Katsina kuwa ba zai iya mako biyu kusa da mahaifinsa da ke asibiti ba. Wani ɓangare na wannan bambanci yana da dalili: ƙarancin yarjejeniyar haraji, da kasancewar Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Tarayyar Turai ta amince da matakin kare bayanansu, da shigar ta jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido kan safarar kuɗin haram a watan Fabrairun 2023. Amma dalilai suna tsufa. Najeriya ta yi dokar kare bayanai a watan Yunin 2023, an kuma cire ta daga jerin FATF a watan Oktoban 2025. Kuma babbar matsalar da ke damun Baturen da ya je Sifaniya da fasfon Birtaniya, wato izinin aiki, ba ta taɓa ɗan ƙasa da ya koma ƙasarsa. Jerin da ba a sake dubawa, wanda ba a rubuta dalilin kowace ƙasa a gefensa ba, yana iya zama son zuciya da aka yi wa rigar doka. Haƙƙin ma'aikaci ne ya tambaya cikin ladabi wace doka ce ko wace kwangila ta hana, kuma amsar da za a ba shi ita za ta nuna ko an yi bincike ko tsoro ne kawai.

Masu ƙananan kamfanoni su ma suna da tasu hujjar, cewa Airbnb yana da rundunar lauyoyi, su kuwa mutum 20 ne da akanta ɗaya, ba za su iya nazarin dokar kowace ƙasa ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba wanda zai tilasta musu yarda da zaman shekara. Amma gajeriyar tafiya ta ɗan ƙasa zuwa ƙasarsa, a aikin da ba na ƙulla ciniki ba, ba ta bukatar runduna. Ga wanda ke son komawa gida gaba ɗaya kuwa, an samu kamfanoni irin su Deel da Remote, waɗanda ke ɗaukar mutum aiki a takarda a ƙasar da yake, su biya masa haraji da fansho bisa dokar wurin, shi kuma ya ci gaba da yi wa kamfaninsa na asali aiki, a kan wani kuɗi da ake biyan su duk wata. Sai dai a nan ma'aikaci ya buɗe ido. Ranar da aka mayar da takardarsa Kano, ana iya mayar da albashinsa ma'aunin Kano, kamar yadda manyan kamfanonin fasaha suka saba daidaita albashi da wurin zama. Kuma aikin da aka tabbatar ana iya yin sa daga Kano duk shekara, mai kamfani zai fara tunanin ko akwai wani a Kanon da zai yi shi a kan rabin kuɗin. Wannan alheri ne ga matasan da ke gida, irin waɗanda kamfanin Andela ya fara haɗawa da kamfanonin waje daga Legas tun 2014, amma ga wanda ke riƙe da kujerar lissafi ne da ya kamata ya yi tun da wuri.

Ƙa'ida mai adalci ba ta da wuyar zayyanawa. A rubuta ta kowa ya gani, ta faɗi kwana nawa a shekara, 20 ne ko 30 ko 60, lambar da ke nesa da 183. Ta ware ayyukan da ba a yin su daga waje ta faɗi dalili. Ta bambanta wanda ke da haƙƙin aiki a ƙasar da zai je da wanda zai shiga da bizar ziyara. Ta hana sa hannu a kwangila yayin tafiya, ta tanadi hanyar gaggawa don rasuwa da jinya, kuma ta hau kan darakta kamar yadda ta hau kan ƙaramin ma'aikaci. Shi kuma mai son tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya nemi izini a rubuce tun da sauran lokaci, ya faɗi ranar fita da ta dawowa, da fasfon da zai shiga da shi, da sa'o'in da zai kasance a kan aiki, da tanadin da ya yi na wuta da intanet. Ya duba sharaɗin bizarsa ta ƙasar da yake zaune da iyakar inshorarsa, ya riƙa ƙirga kwanakinsa da kansa. Takardar da ta zo da waɗannan amsoshi ta fi wuyar ƙi a kan roƙon baki.

Sauran aikin na gwamnatoci ne. Tun 2020 ƙasashe suka shiga rige-rigen ba da bizar masu aiki daga nesa: Barbados da Istoniya da Dubai a shekarar farko, Fotugal da Namibiya a 2022, Sifaniya a 2023, Afirka ta Kudu da Kenya a 2024. Waɗannan bizoji sun warware matsalar shige da fice, amma akasarinsu sun bar kamfani da fargabarsa ta haraji, shi ya sa mutum kan riƙe biza a hannu mai gidansa ya ce a'a. Najeriya, wadda 'ya'yanta da ke waje ke aiko mata da kusan dala biliyan 20 a shekara, bukatarta ta fi ta biza sauƙi. Sanarwa bayyananna daga hukumar haraji cewa ɗan gajeren zaman ma'aikacin kamfanin waje ba zai jawo wa kamfanin rajista ko haraji ba, tare da ƙarin yarjejeniyoyi da ƙasashen da mutanenmu suka fi yawa, za su cire wa lauyoyin can hujjar da suka fi dogara da ita. Albashin da aka kashe wata guda a Kano ko Sakkwato yana shiga aljihun mai shago da mai adaidaita sahu da tela, ba tare da ya ƙwace aikin kowa ba. Kafin a kai can, abin da ke hannun ɓangarorin biyu shi ne gaskiya: kamfani ya faɗi ainihin dokar da ta ɗaure shi, ma'aikaci ya faɗi ainihin inda zai zauna da kwanakin da zai yi.